Babin rashi a littafin tarihin ɗan siyasa: ta ina ake farawa, a ina ake tuntuɓe?

Malam Sanusi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina so mu tattauna a kan irin littafin da ɗan siyasa yake rubutawa bayan ya sauka, inda yake ba da labarin yadda aka yi masa rasuwa yana kan kujera, ko ɗa, ko mata, ko mahaifi. Galibin daftarin da ke zuwa hannun editoci cutarsu ɗaya ce. Babin rashi yana zaune shi kaɗai, babukan aiki suna zaune su kaɗai. Shafi ashirin na asibiti da hawaye, sai a buɗe sabon babi a tarar da maigidan ya koma teburinsa yana sa hannu kamar ba abin da ya faru. Alhali abin da mai karatu yake nema shi ne inda biyun suka gamu: wane taro aka soke, wace takarda ta kwana mako uku a tebur, wa ya riƙe ofis, wace shawara aka yanke ido bai ga barci ba. A ganina duk littafin da bai amsa waɗannan ba ya bar rabin aikinsa. Ta ina ake fara gyara?

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam, Malam. Daga jadawali ake farawa, kafin a kunna rikoda ko sau ɗaya. A ja layi a tsakiyar takarda, hagu na gida, dama na ofis, kowace rana da layinta, tun daga ranar da likita ya faɗi sunan cutar har zuwa aƙalla wata shida bayan jana'iza. Idan mutuwar fuju'a ce, a fara daga mako guda kafin ranar. Gefen ofis ana cika shi da littafin alƙawuran da sakatare yake riƙewa, da rajistar baƙi, da jerin sunayen waɗanda suka shiga jirgi, da kwanan watan da ke kan takardun da aka sa wa hannu, da jaridun makon. Gefen gida kuma takardun kwantarwa da sallama na asibiti, da hatimin fasfo, da saƙonnin waya, da takardar shaidar mutuwa. Duk abin da baki ne ya faɗe shi ba takarda ba, a rubuta shi da fensir har sai an tabbatar.

Idan an gama, sai a nemi ranakun da gefe biyun suka cika maƙil a lokaci guda, a zaɓi goma ko goma sha biyu. Su ne ƙashin bayan littafin. Ku dubi ƙarshen makon 22 da 23 ga Oktoban 2005. Daren Asabar jirgin Bellview ya faɗi a ƙauyen Lisa da ke jihar Ogun da mutum 117 a ciki, wayewar garin Lahadi labari ya iso cewa uwargidan Shugaba Obasanjo, Stella, ta rasu a Spain bayan tiyata. Mutum ɗaya ne zai yi wa ƙasa ta'aziyya, shi ne kuma ake yi wa ta'aziyya. Irin wannan rana awa-awa ake rubuta ta: ƙarfe nawa aka buga waya ta farko, wa ya shigo da labari na biyu, me aka fara ba da umarni a kai. Wanda ya taƙaita ta a sakin layi ɗaya ya zubar da babi sukutum.

Zainab: Anti Rabi, in jadawalin ya kammala, awa nawa na hira ake buƙata? Kuma da babin rashin ake farawa ko a bar shi ƙarshe?

Hajiya Rabi: Mutum yana furta kalma 130 zuwa 150 a minti ɗaya, ke nan awa guda ta hira tana ba da kalma dubu takwas zuwa tara idan an kwafe. Littafi matsakaici kalma 80,000 ne, kuma ba ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka naɗa yake shiga, don haka ki ƙiyasta awa arba'in. Kwafewa da hannu tana cin kamar awa huɗu a kan kowace awa ɗaya ta murya. Na'ura tana rage wannan, amma tana lalata sunayen mutane da na magunguna, dole a bi ta da kunne.

Kada a fara da rashin. A yi zama biyar ko shida a kan ƙuruciya da siyasa, har mai littafi ya saba da rikoda ya daina yi mata jawabi. Zaman rashin kada ya wuce awa ɗaya da rabi, kada a sa shi a ranar da mutumin yake da taro bayan nan, kuma kada hadimai su zauna a ɗakin, don idan suna nan maganar dandamali za ki samu. Tambaya kuma ta zama ƙarama. Idan kika ce "ya ka ji a ranka?" zai ba ki jimlar da ya maimaita wa masu ta'aziyya sau dubu. Ki ce "da ka fito daga ɗakin, wa ka fara kira?" ko "takardar da aka kawo maka a farfajiyar asibitin, a kan me ka ɗora ta ka sa hannu?" Daga nan ne abin da bai taɓa faɗa ba yake fitowa. In ya yi shiru, ki ƙyale shirun, kada ki cike masa.

Malam Isa: Bari in kawo tarihi, don mu ga ba hanya ɗaya ake bi ba. Theodore Roosevelt na Amurka ya rasa mahaifiyarsa da matarsa ta farko a gida ɗaya, rana ɗaya, 14 ga Fabrairun 1884, lokacin yana ɗan majalisar jihar New York. Da ya fitar da tarihin rayuwarsa a 1913, bai ambaci matar ba sam. Calvin Coolidge kuwa ɗansa mai shekara 16 ya rasu a Yulin 1924, bayan wani ɗan ƙurji da ya fito masa a ƙafa wajen wasan tanis ya zama gubar jini, kafin zuwan magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Coolidge yana shugaban ƙasa, yana tsakiyar takara, ya kuma ci zaɓen a Nuwamba. A littafinsa na 1929 ya faɗi a taƙaice cewa armashin mulkin ya tafi tare da yaron. Gajeriyar magana ce, amma da ita wasu masana tarihi suke fassara sanyin jikin da aka gani a wa'adinsa na gaba. Abin da bai yi ba shi ne ya nuna mana wane aiki ne ya sha wahalar wannan sanyin jikin, sai ya bar wa wasu su yi ta hasashe.

Ga Woodrow Wilson, shugaban Amurka, matarsa Ellen ta rasu ranar 6 ga Agustan 1914, a makon da yaƙin duniya na farko ya ɓarke. Ga Asquith, firayim ministan Birtaniya, an kashe ɗansa Raymond a fagen daga a Satumbar 1916, watan Disamba ya rasa kujerarsa. Ga Indira Gandhi, firayim ministar Indiya, ɗanta Sanjay ya mutu a haɗarin jirgin sama a Yunin 1980, watanni kaɗan da komawarta mulki, kuma wannan ne ya jawo ɗan'uwansa Rajiv cikin siyasa. A duk waɗannan, rashin ya taɓa tafiyar ƙasa. Shi ya sa nake tare da Malam Sanusi: abin da ya shafi mulki haƙƙin jama'a ne su sani.

Alhaji Garba: Malam Isa ya yi gaskiya, sai dai marubuta da yawa ba su san abin da za su tambaya game da ofis ba. Ofishin shugaba ba ya tsayawa don an yi rasuwa. Takardu uku ne iri. Akwai waɗanda mataimaki ko sakataren gwamnati zai iya zartarwa. Akwai waɗanda za su iya jira. Akwai kuma waɗanda agogon doka yake bugawa a kansu, kuma hannun mutum ɗaya kaɗai suke karɓa. A Najeriya, sashe na 58 na tsarin mulki ya ba shugaban ƙasa kwana 30 ya sa hannu a ƙudurin doka ko ya bayyana ƙin amincewarsa. A Amurka kwana 10 ne ban da Lahadi. Ƙudurin da ya iso tebur kwana biyu kafin rasuwa ba ruwansa da makoki. To mai littafi ya gaya mana: ya karanta kafin ya sa hannu, ko taƙaitawar shafi ɗaya aka karanta masa?

Na biyu, miƙa ragama. Sashe na 145 ya tanadi cewa idan shugaba zai tafi hutu ko ba zai iya gudanar da aiki ba, ya aika wa shugabannin majalisun tarayya biyu takarda, mataimakinsa ya zama muƙaddashi. Bayan dambarwar jinyar marigayi 'Yar'aduwa, wanda ya bar ƙasar a Nuwamban 2009 ba tare da takardar ba har sai da majalisa ta ɗora Jonathan a Fabrairun 2010, aka yi gyaran da ya sa wa'adin kwana 21 na aika takardar. Amurka tana da irin wannan a gyara na 25 na tsarin mulkinta. Amma da wuya ka ga shugaba ya rubuta wannan takarda saboda makoki, don yana tsoron a ce ya gaza. Sai ya zauna a kujera da suna, aikin kuma ya koma hannun wanda yake tsaye a ƙofa. Nan ne ɓarna take shiga. Mutum biyu ko uku ne suke zaɓar takardar da za ta shiga da wadda za ta jira, kuma naɗe-naɗe da kwangiloli sukan wuce a irin wannan mako saboda ba mai ƙarfin tambaya. Marubuci ya nemi jerin duk abin da aka sa wa hannu a kwana 30 na farko bayan rasuwar, ya ajiye a gaban mai littafi, ya tambaye shi ɗaya bayan ɗaya wanne ya tuna.

Tsarin majalisa irin na Birtaniya ya fi sauƙi a nan. Da Ivan, ɗan David Cameron jagoran 'yan adawa na lokacin, ya rasu yana shekara 6 ranar 25 ga Fabrairun 2009, an ɗage zaman tambayoyin firayim minista na ranar, William Hague ya yi magana a madadinsa. Gordon Brown, firayim ministan lokacin, da ya yi masa ta'aziyya a zauren, shi ma ya binne jaririyarsa a Janairun 2002 yana ministan kuɗi. Kowa ya san wa ke riƙe da me, kuma a bayyane aka yi.

Malam Bello: Ku yi haƙuri in kawo tsaiko. Kuna magana kamar waɗannan littattafan don tarihi ake yin su. Da yawa don zaɓe ake yi. Beau Biden, ɗan Joe Biden mataimakin shugaban Amurka na lokacin, ya rasu ranar 30 ga Mayun 2015. A Oktoba mahaifinsa ya ce ba zai yi takarar 2016 ba, a Nuwamban 2017 ya fitar da littafi a kan shekarar jinyar, ya zaga ƙasa da shi, a Afrilun 2019 ya fito takara. Ban ce baƙin cikinsa ƙarya ba ne, Allah ya kiyaye, mutumin da ya binne mata da 'ya a 1972 sannan ya binne ɗa. Abin da nake cewa shi ne hawaye yana rufe bakin mai tambaya. Wane ɗan jarida ne zai tsare uban da ke maganar gawar ɗansa da tambayar kasafin kuɗi?

Malam Sanusi: Malam Bello, damuwarka tana da tushe, amma akwai ma'aunin da edita zai iya amfani da shi. A ɗauki kowane wurin da aka ambaci mamacin a duba aikin da yake yi a shafin. Idan an kawo shi ne don a bayyana dalilin wani abu da ya faru, ya zauna. Idan an kawo shi ne daidai inda ake tuhumar mai littafi da wani kuskure, don tuhumar ta narke, a cire ko a raba su da babi. Mafi muni shi ne a sa wa mamaci magana a baki wadda ta zama izinin takara, a ce a gadon asibiti ya ce "Baba ka tsaya". In har an yi maganar, a faɗi wa ke wurin, kuma a tambayi wannan mutumin daban.

Malam Tukur: Akwai abin koyi a kan wannan gaɓa. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya rasu a Madina, rana ta yi husufi, mutane suka ce saboda rasuwarsa ne. Annabi ya yi hawaye a kan ɗansa a gaban sahabbai, bai ɓoye ba. Amma ya miƙe ya gyara maganar, ya ce rana da wata ayoyi ne na Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Shugaba ne, uba ne cikin alhini, ga magana tana yawo wadda za ta ƙara masa girma a idon jama'a, ya ƙi karɓa don ba gaskiya ba ce. Mai rubuta irin wannan littafi ya nuna hawayensa ba laifi, amma kada ya karɓi ribar da ba tasa ba.

Malam Isa: Kuma akwai inda fito da sirrin gida ya zama shi ne aikin jama'ar. Kenneth Kaunda ya bayyana a 1987, yana kan mulkin Zambiya, cewa cutar ƙanjamau ce ta kashe ɗansa. Mandela ya tara 'yan jarida ranar 6 ga Janairun 2005, ranar da ɗansa Makgatho ya rasu, ya faɗi sunan cutar da bakinsa, a lokacin da iyalai ke ɓoyewa. Wannan bai yi kama da abin da Malam Bello yake tsoro ba, don su ne suka ɗauki nauyin tsangwamar.

Malam Bello: Na karɓi na Kaunda da Mandela. A kan sauran ina nan a kan bakana: duk littafin da ya fito ƙasa da shekara biyu kafin zaɓen da mai shi zai shiga, a karanta shi da ido biyu.

Dokta Lawal: Ta fuskar lafiya akwai abu biyu da marubuci ya kamata ya sani. Na farko, ƙwaƙwalwar mai makoki tana riƙe hoto da ƙarfi amma tana rikita tsari. Zai tuna launin labulen ɗakin da ƙarar na'urar numfashi, amma ya haɗe kwantarwa biyu ya mai da su ɗaya, ko ya sa maganar likitan Talata a bakin likitan Juma'a. Kuma zai rantse a kai. Masanin halayyar ɗan'adam Ulric Neisser ya sa ɗalibai sun rubuta yadda suka ji labarin fashewar kumbon Challenger washegarin faruwarsa a 1986, ya sake tambayarsu bayan shekara biyu da rabi. Da yawa sun ba da labari daban, kuma suna da yaƙinin sun yi daidai. Don haka ƙarfin yaƙini ba hujja ba ne, jadawalin Hajiya Rabi ne hujja.

Na biyu, lokacin fara hira. Rashin barci da raunin natsuwa a watannin farko abu ne da aka saba gani, ba cuta ba ne. Amma idan alhini ya hana mutum gudanar da rayuwarsa har ya zarce wata shida, bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, ko wata goma sha biyu bisa na likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, wannan yana buƙatar likita kafin marubuci. Shawarata kada a zauna hirar babin rashi kafin shekara ta zagayo, kuma a kauce wa makon da ranar rasuwar take faɗowa.

Sai bayanin cuta. A rubuta sunanta daidai, da matakin da aka gano ta, da irin maganin a dunƙule, a ba wani likita da ba shi da hannu a jinyar ya karanta. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a rubuta "da an gano da wuri da ya rayu". Ga wasu cututtuka haka ne, ga wasu ba haka ba. Kansar ƙwaƙwalwa irin wadda ta kashe Beau Biden, ko an yi tiyata da gashi da magani, yawancin masu ita ba sa wuce shekara biyu. Jimla ɗaya marar tushe tana iya sa dubban iyalai masu irin wannan jinya su zargi kansu a banza.

Zainab: Dokta, abin da ka faɗa a kan yaƙini yana da misali a bainar jama'a. Haɗarin 18 ga Disambar 1972 da ya kashe matar Biden ta farko da jaririyarsu, shekaru bayan haka ya faɗa a wasu jawabai abin da ke nuna direban babbar motar ya sha giya. Binciken da aka yi a lokacin bai sami direban da laifi ba, kuma iyalin direban sun fito sun koka. Shi ya sa a wajen tantance bayanai ake raba kowace jimla ta babin gida uku da alƙalami mai launi. Kore ga abin da takarda ta tabbatar. Shuɗi ga abin da mutum biyu da ba su haɗa baki ba suka faɗa. Ja ga abin da mai littafi kaɗai ya tuna. Ja ba laifi ba ne idan a kan zuciyarsa yake magana. Amma ja da ya ɗora wa wani laifi, direba ko nas ko abokin hamayya da aka ce bai zo gaisuwa ba, ko dai a samo masa takarda ko a goge.

Barista Hadiza: Zainab ta kawo ni inda nake jira. Abu huɗu ne suke kai irin wannan littafi kotu, ba kuma nauyinsu ɗaya ba.

Ɓata suna shi ne babba. A dokar Ingila da ƙasashen da suka gaje ta, mamaci ba a shigar da ƙarar ɓata suna a madadinsa, amma likita da asibiti suna raye. Idan kotu ta riga ta yanke hukunci, ana iya faɗin abin da ta yanke. Likitan da ya yi wa Stella Obasanjo tiyata, kotu a Malaga ta same shi da laifin sakaci a 2009, don haka wannan magana tana da madogara. Inda babu hukunci, mai littafi ya faɗi abin da ya gani da abin da aka gaya masa, ya tsaya nan. Sauya sunan likita ba ya wadatarwa idan asibitin yana da likitan ƙwaƙwalwa guda ɗaya, kowa zai gane shi.

Sai sirrin gwamnati, kuma a nan ne mutane suke sakaci, don suna ganin littafin na iyali ne. Ai gefen dama na jadawalin duk takardun ofis ne. A Birtaniya, tun ƙa'idojin Radcliffe na 1976, tsohon minista yana miƙa daftarinsa ga sakataren majalisar ministoci kafin bugawa. A Amurka dokar 1978 ta ce takardun shugaba da mataimakinsa mallakar gwamnati ne. Najeriya tana da dokar sirrin gwamnati ta 1962, ga kuma rantsuwar kama aiki. Ku tuna rahoton mai bincike na musamman Robert Hur da ya fito a Fabrairun 2024. Hirarrakin da Biden ya yi da marubucin bayan fagensa a 2017, inda yake karanto masa littattafan ajiyar bayanansa na ofis, sun zama hujja a binciken takardun sirri. Marubucin ya goge muryoyin, masu bincike suka dawo da su. Ba a gurfanar da kowa ba, amma darasin a fili yake: abin da aka naɗa ba sirrin lauya da wanda yake karewa ba ne, ana iya neman sa da sammaci. Yarjejeniya ta faɗi wa ya mallaki muryoyin, ina za a ajiye su, yaushe za a miƙa su. Kuma da zarar an ji ƙishin-ƙishin bincike, kada a goge komai.

Na uku haƙƙin mallaka. Takardar ta'aziyya da aka aiko maka, takardar taka ce, kalmomin na wanda ya rubuta ne, sai da izininsa za ka buga. Wasiƙun mamaci da saƙonninsa kuma haƙƙinsu yana komawa ga magadansa, wanda sau da yawa matarsa da 'ya'yansa ne, ba mahaifinsa ba. Hoto na wanda ya ɗauka ne.

Na huɗu bayanan lafiya. A Amurka doka tana kare bayanan jinyar mutum har shekara 50 bayan rasuwarsa, kuma wakilin magada ne yake da ikon ba asibiti izinin sakin su. Girman kujera ba ya ba uba wannan iko.

Hajiya Rabi: Barista, wannan na ƙarshen shi ne ya fi ci mini rai a duk sana'ar. Rashin ba na ɗan siyasar kaɗai ba ne. Akwai matar da ta kwana a kujerar asibiti wata da watanni yayin da shi yake shiga jirgi yana fita. Akwai yaran da za su kai shekara goma sha biyar su buɗe littafin kakansu su karanta yadda jikin mahaifinsu ya lalace, abokan makarantarsu ma sun karanta. Shi yana da mawallafi da masu talla, su ba su da kowa.

Tsarin da ya fi tsafta shi ne, kafin a rubuta kalma ɗaya a zauna da kowane babba a gidan shi kaɗai, ba a gaban maigidan ba, a tambaye shi abin da ba ya so ya fito. A rubuta jerin, a sa hannu. Bayan zubi na biyu a ba kowa shafukan da ya fito a ciki, bugagge a takarda ba ta waya ba, a ba shi mako biyu. Yana da ikon cire abin da ya shafi jikinsa, da aurensa, da 'ya'yansa. Ba shi da ikon sauya abin da ya shafi aikin ofis. Yara ƙanana kuma kada a sa maganarsu a bakin kabari, ko da uwarsu ta yarda, don su ba su kai ga yarda ba.

Kuma a yi hira da ita matar a kan gefen dama na jadawalin, ba hagu kaɗai ba. Ita ce ta san daren da aka kira shi bai ɗauka ba saboda yana taro. Mai littafi yakan ce ya daidaita aiki da gida. In an tambayi gidan, sau da yawa za a ji ba a daidaita komai ba, wani ne ya ɗauki kayan da ya ajiye. Littafin da ya ambaci sunan wannan mutumin ya kuma faɗi abin da ya ɗauka, shi ne mai karatu yake yarda da sauran abin da ke cikinsa.

Alhaji Garba: Haka ma a ofis, Hajiya. A ambaci wanda ya riƙe aikin.

Zainab: Barista, to idan matar mamacin ta ƙi baki ɗaya fa, ga kuma mawallafi ya riga ya biya kafin alƙalami a kan cewa babin jinyar zai fito?

Barista Hadiza: Doka ba ta hana uba faɗin abin da ya gani da idonsa da abin da ya ji a ransa ba. Abin da ƙin yardarta yake rufewa shi ne takardun asibiti, da wasiƙu da saƙonnin mamacin, da hotunan da ke hannunta, da duk wani bayani a kan lafiyarta ko ta 'ya'yanta. Sai a sake gina babin daga gefen ofis: ranakun tafiya, tarukan da aka soke, takardun da suka jira, da abin da shi kansa ya yi a kowace rana. Ita kuma a ambace ta da abin da jama'a suka riga suka sani kawai. Game da mawallafi, maganin tun a yarjejeniya yake. A sa sharaɗin cewa abin da ya shafi iyali yana rataye ne a kan izininsu a rubuce, kuma rashin samun izinin ba saɓa yarjejeniya ba ne. Idan ba a sa ba tun farko, a koma teburi a nemi ƙarin wata shida da rage adadin kalmomi, a rubuta gyaran a takarda, ɓangarorin biyu su sa hannu kafin a taɓa babin.